Firjin Baiwa

Litinin, 6 ga Afrilu 1987, bayan La'asar

Mai ɗakina ta tafi Argungu jiya da hantsi, gidan ƙanenta Sama'ila. Ƙunshi ɗaya ta ɗauka, da butarta. Duk wanda ya tambaye ni a masallaci na ce masa ziyara ta tafi, kuma ban yi ƙarya ba, domin wanda ya je gidan ɗan'uwansa ziyara ya je. Ba ta faɗi ranar dawowa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Tun da aka kawo ta gidan nan ina ƙaramin malamin makaranta, ba ta taɓa yin tafiya ba tare da ta tsaya bakin zaure ta ce, “Malam, a yi mini addu'a” ba. Jiya ta wuce ni ina zaune.

Zafi ya yi tsanani.

Talata, 7 ga wata, da Azahar

Masu sayen ƙanƙara sun yi ta sallama tun hantsi. “Inna Baiwa na ciki?” Na ce ba ta nan. “Akwai soɓorodo?” Na ce babu. Wata ta sake aiko 'yarta, wai ko ban duba da kyau ba.

Firjin yana nan a rumfar tsakar gida yana aiki. Nata ne, da kuɗin adashinta ta saye shi, shekarar da layin lantarki ya iso unguwarmu ta Nassarawa. Kullum bayan Asuba takan dafa soɓorodo da tsamiya, ta ɗaure a leda, ta jera a cikinsa tare da ledojin ruwa. Kafin Azahar gidan ya cika da mata da hayaniya, har nakan ɗauki littafina in koma zaure. Sau da yawa na yi ƙorafi a kan hayaniyar nan.

Yanzu babu komai a cikinsa sai kwalbar ruwana. Ban kashe shi ba.

Alhamis, 9 ga wata, da hantsi

Ya dace in rubuta yadda sabon tsarin lantarki yake, domin mutane suna ta maganarsa ba tare da sun fahimta ba. Hukumar lantarki ta raba mitoci gida biyu: na gidan zama, da na wurin sana'a, wanda kuɗinsa ya fi yawa. Sa'an nan ta yi wa tsofaffin ma'aikatan gwamnati rangwame, bisa sharaɗin gidan ya zama na zama ne kawai. A ganina tsari ne mai ma'ana. Wanda ke cin riba da wuta bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da wanda ke kunna ƙwai guda don ya ga alwalarsa ba.

Makon jiya suka aiko ma'aikacinsu yana bin gidaje. Mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi, ya kira ni Hedimasta, ko da yake na daɗe da ajiye aiki. Ya tambaye ni ko ana sana'a a gidan. Na ba shi amsa.

Bango ɗaya ne tsakanin zaurenmu da madafa.

Jumma'a, 10 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Paulina, matar maƙwabcinmu Irimiya mai aiki a asibiti, ta kawo mini tuwon shinkafa. Ita ce ke taya mai ɗakina ɗaurin leda, kuma ba mace ba ce mai ajiye magana. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba.

Ta ce, “Baba, yaushe Mama za ta dawo?”

Na ce, “Ziyara ta tafi.”

Ta ce, “Baba, ni fa ina cikin madafa ranar nan. Muna ɗaure leda muka ji ka ce wa mutumin wuta babu mai sana'a a gidan nan. Hannun Mama ya tsaya cak, soɓorodo yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba.”

Na bayyana mata cewa tambayar ta shafi masu injin niƙa da masu walda ne, ba 'yan ƙananan abubuwan mata ba.

Ta ce, “To, in ƙananan abubuwa ne, don me da yamma ka ce ta daina?”

Na ce mata tun da na riga na faɗa wa hukuma magana, dole maganar ta zama gaskiya. Ban taɓa sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, kuma ba zan fara da furfura ba.

Ta ɗauki marfin kwanonta. A bakin ƙofa ta ce, “Ai ta zama gaskiya yanzu, Baba. Babu mai sana'a a gidan.”

Tuwon ya yi kyau. Ban iya cinye shi ba.

Asabar, 11 ga wata, da Magariba

An ɗauke wuta da rana, an maido. Babu wanda ya lura sai ni.

Lahadi, 12 ga wata, bayan Azahar

A al'ada, idan mace ta yi yaji, miji yakan bar zuciya ta huce, sa'an nan ya nemi dattijo, ya haɗa shi da goro, ya tura shi biko wurin magabatanta. Na sha zuwa wa mutane biko. Na san kalmomin da ake buɗewa da su, na san inda ake yin shiru a bar uban yarinya ya yi faɗansa. Wasu daga cikin waɗanda na dawo musu da mata sun aurar da jikoki.

Ban taɓa tunanin wa zai je mini ba. Abokina Malam Ummaru ne kaɗai zai iya, shi kuwa bara muka kai shi makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Sauran da ke sahun gaba a masallacinmu, wanda ban koyar da shi ba na koyar da yayansa. Ba na iya kiran ɗayansu in ce, “Tafi ka roƙo mini matata.”

Can gidansu ma haka ne. Mahaifinta ya rasu, baffanninta sun rasu. Magabacinta a yau Sama'ila ne, wanda ya zauna a gidan nan yana karatu a hannuna, wanda na sha dukansa saboda gudun makaranta zuwa kamun kifi.

Ban aika wa 'yarmu Asiya labari a Sakkwato ba. Tana da nata gidan.

Litinin, 13 ga wata, da hantsi

Na wanke rigata da kaina. Shuɗin ya yi yawa.

Talata, 14 ga wata, bayan La'asar

Na je ofishin lantarki. Layi ya fito har waje, yawancinsu tsofaffin ma'aikata masu neman rangwame, kowa da takardunsa a leda. Wasu suka ce in wuce gaba, na ƙi.

Da na isa gaban akawu na ce masa ina so a cire gidana daga masu rangwame, a mai da mitata ta wurin sana'a. Ya ajiye alƙalami ya dube ni.

Ya ce, “Baba, duk mutanen nan abin da kake son mayarwa suka zo roƙo.”

Na ce na sani.

Ya ce, “Wace sana'a za a rubuta?”

Na faɗa masa a hankali. Fankar ofishin tana ƙara, bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi: ƙanƙara da soɓorodo. Wani a bayana ya ce, “Ikon Allah, Hedimasta ya koma sai da ƙanƙara. A ajiye muna ta azumi.” Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ji ta a ƙeyata.

Akawun ya gargaɗe ni cewa Sakkwato takardar za ta tafi, kuma idan ta tafi ba a sake duba ta sai baɗi. Na sa hannu.

Na dawo gida da sauƙin zuciya. An yi kuskure a takarda, an gyara shi a takarda. Ban ga abin da ya rage ba.

Alhamis, 16 ga wata, da Azahar

Na sayi goro, fari, mai kyau. Mai goron ya tambaya ko ɗaurin aure ne. Na ce ya ɗaure mini shi sosai, hanya zai yi.

Asabar, 18 ga wata, bayan Magariba

Na je Argungu, na dawo.

Gidan Sama'ila yana can ƙarshen gari wajen gulbi, inda yake shanya albasarsa. Da ya gan ni ya taso da sauri, ya shimfiɗa mini buzunsa. Ban hau ba. Na cire takalmi, na zauna a gefen tabarma, ƙasa da inda yake zama, na ajiye goron a gabansa. Ya tsaya yana duban goron, yana dubana.

Ya ce, “Malam, don Allah tashi. In na zauna bisa gare ka, bulalar nan taka za ta biyo ni har kabari.”

Na ce yau ba malaminsa ne ya zo ba, mijin yayarsa ne, kuma wurin magabaci ya zo.

Ya zauna a bakin buzun kamar mai zama a kan ƙaya. Can wasan ƙanen mata ya motsa masa, ya ce, “To, yaro, mi ka tahe da kai?” Ya yi dariya shi kaɗai, sa'an nan ya ga ban yi ba, ya bari.

Na yi bayani daki-daki. Na faɗi tsarin hukuma, na faɗi yadda aka yi tambayar, na faɗi cewa na je na gyara, na mayar da rangwamen, kuma yanzu tana iya yin sana'arta bisa ƙa'ida babu mai hana ta. Na nuna masa shaidar da aka ba ni. Ya karɓa da hannu biyu ya shiga ciki.

Ya daɗe. Daga inda nake ina jin ana daka, kuma na san hannun. Dakan ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa.

Da ya fito bai zauna a buzun ba, ya tsuguna kusa da ni ya miƙo mini takardar.

Ya ce, “Malam, Yaya ta ce ofis bai yi mata laihi ba, ba ta san abin da za ta yi da takardar ofis ba.”

Na karɓi takardar, na ninke ta, na sa a aljihu.

Ya ce, “Ta ce maganar biyu ce, ɗaya ka gyara. Wai bayan ka ce babu mai sana'a, ka ƙara da cewa fanshonka shi ka riƙe da gidan. Haka ne?”

Na ce haka ne.

Ya sosa ƙeya. “To, ta ce a bar fansho shi dahwa maka tuwo. Wallahi Malam, yadda ta hwaɗa na hwaɗa maka, ban ƙara gishiri ba.”

Na tambaye shi ko akwai wani abu.

Ya ce, “Ta ce a aiko mata firjinta.”

Bai maido mini da goron ba, bai kuma buɗe shi ba. Ya raka ni har tasha yana ta ba ni labarin farashin albasa, don kada mu yi shiru. Ban gan ta ba.

Lahadi, 19 ga wata, da hantsi

Yau su Irimiya ke bikinsu na Ista. Tun safe ana waƙa a gidansu, yara da sababbin kaya. Paulina ta aiko da shinkafa da kaza. Ba ta tambaye ni komai ba, na kuwa gode mata a kan haka fiye da abincin.

Babu lantarki a unguwar su Sama'ila. Turakun sun tsaya tun wajen kasuwa. Na sani, ita ma ta sani. Firji a gidan can akwatin ƙarfe ne kawai, sai dai a zuba masa albasa.

Na zauna na tsara amsa mai hujja uku, wadda zan aika wa Sama'ila. Hujjojin duk daidai suke. Na karanta su, na ga babu inda za a kama ni.

Ban aika ba.

Litinin, 20 ga wata, bayan La'asar

Zafi.

Talata, 21 ga wata, da Azahar

Na shiga kasuwa cefane. Ban san haka kifi ya yi tsada ba. Na tsaya gaban mai kifin ina jujjuya abin da ke aljihuna, har ya ce, “Malam, Inna Baiwa ba ta taya irin wanga, manya taka ɗauka.”

Fansho yakan yi watanni bai iso daga Sakkwato ba. Bara tun daga damina har aka yi girbin shinkafa shiru. A duk tsawon lokacin nan ban zauna gaban miya babu kifi ba, kuma rigar Sallata sabuwa ce. Nakan ce Alhamdu lillahi, in wanke hannu, in koma zaure saboda hayaniya.

Na sayi ƙuli-ƙuli na dawo.

Laraba, 22 ga wata, bayan Azahar

Na kashe firjin.

Ashe shi ne ke magana a gidan nan. Da ya yi shiru na ji ƙadangare yana tafiya a kan kwanon rufi.

Na bar ƙofarsa a buɗe ƙanƙarar jikinsa ta narke, na wanke shi ciki da waje da sabulu, kamar yadda nake ganin tana yi. Akwai jan soɓorodo a lungun ƙasa wanda ya ƙi fita. Na bar shi.

Nata ne. Ta ce a aiko. Ba ta tambaye ni ko akwai wuta ba.

Alhamis, 23 ga wata, da Magariba

Na yi magana da Tamba, mai a-kori-kurar da ke jigilar albasa tsakanin nan da Argungu. Ya zo ya zagaya firjin, ya ƙwanƙwasa shi.

Ya ce, “Wanga ba a kwantar da shi, Malam, in an kwantar shi lalace. Tsaye za shi tahi. Kuma igiya kaɗai ba ta isa, hanyar nan ramu gare ta, sai da mutum baya shina tallabe. Yaron motata ya tahi gida, shuka ta kusa. In nemo wani?”

Na ce kada ya nemo.

Ya ce, “To wa?”

Na ce ni.

Ya yi dariya, ya duba fuskata, ya ce, “Allah Shi kai mu Asabar.”

Jumma'a, 24 ga wata, bayan La'asar

Liman ya yi huɗuba a kan shirin azumi. Saura 'yan kwanaki. Ban taɓa yin sahur ni kaɗai ba.

Idan aka sauke firjin gobe, shi ke nan. Mace ba ta kwashe kayan sana'arta sai ta gama da gida. Na san wannan. Na faɗa wa mazaje da yawa.

Asabar, 25 ga wata, bayan Magariba

Maza huɗu suka ɗora shi. Na hau baya da taimakon Irimiya, na zauna a kan buhu, na rungume firjin da hannu ɗaya, ɗayan na kama igiya. Paulina ta tsaya a ƙofarsu ta rufe baki da gefen zane.

Sai da muka ratsa tsakiyar Birnin Kebbi, domin Tamba yana da saƙon da zai ɗauka. Ban san ina da ɗalibai da yawa haka ba. Masu shaguna, masu kekuna, wani ɗan sanda a mararraba, duk suka bi mu da kallo. Wani ya biyo mu a kan babur yana tambaya, “Hedimasta, lafiya? Ƙaura kake?” Na ce masa kayan sana'ar mai ɗakina ne. Iska ta ɗauke maganar, sai da na ɗaga murya. Daga baya ita ma hulata iskar ta ɗauke ta, ban saki igiya ba.

Tamba bai yi ƙarya ba game da ramuka. Kafaɗata ta dama har yanzu ba ta ɗaguwa.

Mun isa da rana tsaka. Sama'ila ya fito, ya gan ni a bayan mota babu hula, ya juya da sauri kamar wanda ya ga abin da bai kamata ba. Ya kira maƙwabta su taya saukewa. Tamba ya fara kwance igiya. Ni ban iya sauka ba, ƙafafuna sun mutu.

Sai ga ta a bakin zaure. Ta rame kaɗan. Ba ta gaishe ni ba. Ta zagayo ta shafa jikin firjin, ta buɗe ƙofarsa, ta shinshina, ta rufe.

Ta ce, “Wa ya wanke shi?”

Na ce ni.

Ta ce, “Malam, ka san babu wuta unguwar ga.”

Na ce na sani.

“Tun yaushe?”

Na ce tun kafin ta aiko.

“Shi ne ka kawo?”

Na ce, “Kin ce a kawo. Naki ne.”

Mutane sun taru, kowa ya kama gefe yana jiran a ce ɗaga. Ta tsaya tana duban hannuna inda igiya ta ci. Ina da sauran magana, wadda na shirya tun daga gida, amma a karon nan na ga gara in bar ta.

Ta juya wajen Tamba ta ce, “Kada ku sabke. Mai da igiyarka.”

Ta shiga ciki. Sama'ila ya matso kusa da motar, bai dube ni ba, ya ce a hankali, “Malam, yanzu ina iya buɗe goron?” Na ce ya buɗe.

Ta fito da ƙunshinta da butarta, ta shiga gaba kusa da direba. Tamba ya leƙo ya ce ko in dawo gaba a matsa, a samo mai riƙewa. Kafin in amsa ta ce, “Bar shi, ya iya.”

A Ambursa ta sa aka tsaya. Na zaci ruwa za ta saya. Sai na ga hannunta ta taga, tana miƙo mini mayafinta na biyu.

Ta ce, “Ruhe kanka. Rana ba ta san Hedimasta ba.”

Da shi na shigo gari.